Baƙar mota da injin folish biyu: yadda aikin ya lalace da yadda aka gyara shi

Motar baƙar salun ce mai shekara shida a hanya. Mai ita ya kai ta ne don a cire mata siraran zane-zanen da wanki ke bari, waɗanda ke fitowa kamar saƙar gizo-gizo idan rana ta bugi bodi. Ma'aikacin da ya karɓi aikin yana da inji biyu: mai juyi biyu, wanda masu sana'a ke kira DA, mai ƙarfin wat 900 da kewayen milimita 15, sai kuma rotari babba. Da DA ɗin ya fara. Ƙorafinsa uku ne: injin yana jijjiga hannu fiye da yadda ya saba, ba ya cin zane ko an daɗe a wuri ɗaya, kuma yakan ɗauke ya dawo da kansa. Da ya gaji, sai ya ajiye shi ya ɗauko rotari, ya ɗaura soson ulu mai faɗin milimita 180, ya murɗa gudu zuwa wajen juyi 2,200 a minti, ya bi bonet da fendar dama da bamban gaba.

A inuwa aikin ya yi kyau. Da aka fito da motar rana sai bonet ya cika da wasu layukan haske masu motsi idan mutum ya gusa, kusurwar bamba kuwa ta yi wani tabo mara sheƙi, kuma aka ga baƙi a jikin soson. Garin neman gira an taɓa ido. A nan aka tsayar da aikin aka shiga bincike.

Bambancin injinan biyu, a taƙaice

Rotari juyi ɗaya yake yi, kai tsaye daga giya zuwa soso. Ko an danne shi zai ci gaba da juyawa, shi ya sa yake da ci, shi ya sa kuma yake ƙona fenti. DA kuwa motar lantarkin da ke cikinsa ba ta juya soson kai tsaye. Abin da take yi shi ne kaɗa shi a ƙaramin da'ira, wato kewayen nan na milimita 15, soson kuma yana zaune a kan boris sakakke, ƙarfin kaɗawar ne ke sa shi juyawa. Don haka soson DA na iya daina juyawa ƙaf alhali injin na ta ƙara kamar ba abin da ya faru. Wannan tsayawar ita ce kariyarsa, ita ce kuma tarkonsa: wanda bai lura da ita ba zai yi awa guda yana girgiza fenti ba tare da ya cire komai ba. Akwai nau'i na uku da giya ke tilasta wa sosonsa juyawa, amma ba shi ke hannun wannan ma'aikaci ba.

An fara da awon fenti, ba da inji ba

Dalili shi ne abin da ya rage a jikin mota shi zai yanke hukuncin abin da za a iya yi mata. Fentin mota na zamani hawa-hawa ne: firaima a ƙasa, launi a tsakiya, sai kiliya a sama, wato shimfiɗar nan garai-garai mai ba da sheƙi da kare launi daga rana. Gaba ɗayansu a fentin kamfani yawanci tsakanin maikiron 100 ne zuwa 180, kwatankwacin kaurin takardar rubutu ɗaya ko ɗaya da rabi. Kiliyar kaɗai takan kama 35 zuwa 50. Folish ba cike zane yake yi ba, aske kiliyar da ke kewaye da zanen yake yi har ta sauko daidai da ƙasansa. Abin da aka aske kuma ba ya dawowa.

Ma'aunin kaurin fenti ya nuna 122 zuwa 135 a rufi da ƙofofin da ba a taɓa ba. A cikin bakin ƙofa, inda kamfani ba ya zuba kiliya sosai, ya nuna wajen 80. Bambancin ya ba da ƙiyasin kiliya tsakanin 42 da 55. Ƙiyasi ne kawai, domin irin wannan ma'auni jimillar kauri yake karantawa, ba hawa-hawa ba. Bonet, inda rotari ya bi, ya nuna 108 zuwa 117. In har da can daidai yake da sauran bodin, to an cinye masa fiye da maikiron 10 a zama ɗaya, wato kusan iyakar abin da masu sana'a ke yarda a cire a tsawon rayuwar fentin, kashi ɗaya cikin huɗu na kiliya ko kusa da haka. Fendar dama ta nuna 260 zuwa 310, alamar an taɓa sake mata fenti. Bamba kuwa roba ce, ma'aunin bai karanta ta ba, tunda da maganaɗisu yake aiki a kan ƙarfe, da wata dabarar lantarki a kan alminiyom. Ba a ma buƙaci awo a wurin ba. Motar da ke da kiliya ba ta ba da launi a soso. In soso ya yi baƙi a baƙar mota, kuma ba datti ba ne, an huda kiliya an kai ga launi.

Ɗaukewar injin

Abin da aka fara zargi shi ne wayar ƙari. Doguwa ce, mita 40, siririya mai kaurin murabba'in milimita 0.75, kuma rabinta a naɗe a ganga. Lissafi bai goyi bayan zargin ba sosai. Inji mai wat 900 a wutar bolt 230 yana jan wajen amfiya 4, irin wannan waya kuma za ta ci masa kamar bolt 7 ne. Hasara ce, amma ba ta isa ta kashe inji ba. An dai canza ta da mai kaurin 1.5 aka warware ta duka, domin waya a naɗe tana tara zafi.

Sai aka gwada wayar injin kanta. An cire soso, aka kunna a gudu mafi ƙasa, aka riƙa lanƙwasa wayar a daidai inda take shiga jikin inji da kuma bakin fulogi, wuraren da tagulla ke karyewa a ciki roba na nan lafiya a waje. Injin bai ko yi tari ba. Amma ta ramukan iska ana ganin tartsatsi mai yawa a bayan motar injin. Aka zare fulogi, aka buɗe murfin gawayi, wato 'yan tubalan nan biyu da ke kai wuta ga amecha, ɓangaren motar injin da ke juyawa. Duka biyun sun cinye har sun kai layin da aka zana musu, sifirin ba ya iya danna su sosai a kan amecha. Ga kuma jijjiga, sai ya zama suna taɓawa suna saki. An sa sababbi guda biyu tare, domin ba a canza gawayi ɗaya a bar ɗaya, aka bar injin ya yi 'yan mintuna a ƙaramin gudu ba kaya don su zauna. Ramukan iskar ma sun toshe da ƙurar kompawun, wato man guga mai cin zane, aka hure su da kwamfuresa. Ɗaukewa ta ƙare. Wannan kaɗai ne laifin da aka samu a cikin injin kansa.

Jijjiga da rashin ci

A nan ne asalin lamarin yake. An ƙera injin da faifan milimita 125, wanda ake manna soso a kansa. Ma'aikacin ya cire shi ya ɗaura na 150 daga wani inji, da soso mai kauri, a tunaninsa faɗi zai rage masa lokaci. A cikin kan DA akwai wani ƙarfe mai nauyi da ke juyawa a kishiyar faifai don ya soke jijjiga, kuma an auna shi ne daidai da nauyin faifan da soson da aka yi injin dominsu. Da aka ƙara nauyi sai ma'aunin ya karkace. Jijjigar ke nan. Ba a hannu kawai take tsayawa ba, tana cin boris, tana kwance noti, kuma a wannan lamari ita ce ta fito da matsalar gawayi fili.

An mayar da faifan asali aka ɗaure notinsa sosai. Aka juya shi da hannu: ya kamata ya juya sumul ba gurnani, ba lilo gefe da gefe. Ya juya lafiya, boris bai mutu ba. A wasu injinan akwai zoben roba da ke gogar bayan faifai da gangan don kada ya yi gudun wuce sa'a idan an ɗaga shi. In wurin ya bushe yana riƙe faifan fiye da kima, sai a shafa masa ɗan man da kamfanin ya tanada.

Daga nan sai gwajin da ya warware komai, kuma bai fi minti ɗaya ba. Aka ja layi ɗaya da maka a gefen faifai, aka ce ma'aikacin ya yi aiki yadda ya saba. Da ya ɗora injin ya danna, layin ya tsaya cak yana karkarwa a wuri ɗaya. Soson ba ya juyawa. Abubuwa huɗu ne suka taru a kansa. Yana dannawa da nauyin kafaɗa, tun da ya ga zane ba ya fita sai ya ƙara ƙarfi, ƙarfin kuma ya ƙara tsayar da soson. Yana ɗaga bayan injin, gefe ɗaya na soso ya nutse. Gudun yana kan 2 cikin 6 saboda tsoron ƙona fenti. Soson kuma ya sha kompawun har ya yi nauyi ya yi laushi, domin da shi ɗaya ya bi rabin mota ba tare da ya share shi ba.

Gyaran duka a hannu yake. Soso ya kwanta shimfiɗe, hannu ɗaya a kan inji daidai saman faifai, ɗayan a baya yana riƙe da shi a miƙe. Dannawa kaɗan ce, nauyin injin da ɗan ƙari, abin da zai sa soson ya ɗan matse ba ya baje ba. Gudu 4 zuwa 5 don ci. Ido kuma a kan layin maka: muddin yana zagayawa, aiki na tafiya. In ya rage gudu, a sassauta ko a gyara kwanciya. A wuraren da bodi ya lotsa ciki, inji mai dogon kewaye yakan tsaya ko da hannu daidai ne, saboda gefunan soso biyu na tokare lokaci guda. Maganinsa ƙaramin faifai ne, na milimita 75, ba ƙarin danniya ba. Lambar da ke kan makunnin gudu adadin kaɗawa take nunawa, ba ta san ko soso na juyawa ba.

Akwai wasu kurakurai biyu da suka ƙara dagula aikin. An yi shi a rana, baƙin bodi kuwa na iya wuce digiri 70 a zafin rana, sai man da ke cikin kompawun ya bushe kafin ƙwayoyin gugar su yi aikinsu, ya koma ƙura da danƙo. Sannan wanki kawai aka yi wa motar. Da aka sa hannu a siririyar leda aka shafa ƙofa sai aka ji tsakuwa-tsakuwa: ƙurar birki da kwalta sun manne a kiliya. Irin wannan ƙwaya in ta maƙale a soson DA ita ke barin ƙananan zane masu naɗewa, kuma an same su a ƙofar da ya fara gwadawa.

Abin da rotari ya yi

Gefen soso mai faɗin milimita 180 a juyi 2,200 yana tafiyar sama da mita 20 a daƙiƙa. Soso mai 135 a juyi 1,200 bai kai mita 9 ba. Zaren ulu a wancan gudu, da kompawun mai kaushi, yana barin nasa siraran layuka duk a fuska ɗaya, su ne ke kama haske su yi kamar suna yawo. Wannan ba abin mamaki ba ne bayan ulu, kuma ana cire shi a mataki na gaba. Kuskuren shi ne ɗaukar matakin ci a matsayin gamawa. Man kompawun ne ya ɓoye layukan a inuwa.

Bamba labarinta daban. Ƙarfe yana watsa zafi zuwa gefe, roba tana riƙe shi a wuri ɗaya. Fenti kuma ya fi siranta a kan kusurwa, ga shi duk nauyin soso yana taruwa a kan ɗan siririn layi. Ma'aikacin ya bar soson yana juyowa yana hawa kan kusurwar, maimakon ya karkata injin yadda gefen da ke taɓawa zai riƙa sauka daga kanta. Daƙiƙa biyu ko uku sun isa. Babu folish ɗin da ke gyara wannan, sai mai fenti.

Yadda aka sake aikin

An sake wanke motar, aka fesa maganin narkar da ƙurar ƙarfe, aka bi ta da yumɓun goge fenti da ruwan santsi har leda ta daina jin komai. Aka busar, aka shigar da ita inuwa har bodi ya huce. Aka liƙa salatif na fenti a kan robobin tagogi, baƙaƙen robobi marasa fenti, tambari, da duk kusurwa mai kaifi.

Sai wurin gwaji, murabba'i mai santimita 40 zuwa 50 kowane gefe, kuma da haɗi mafi sauƙi ake farawa. In mai sauƙi ya yi, babu dalilin aske ƙari. A bonet an sa folish mai laushi da soson kumfa matsakaici. Sabon soso ana fara shafe fuskarsa da man sama-sama, daga nan ɗigo uku ko huɗu ne a kowane murabba'i, kowanne kamar milimita 8 a faɗi. Ana dangwala soson a wurare kaɗan, a ɗora shi a bodi kafin a kunna, a baza man a gudu 1 ko 2, sannan a hau 4. Tafiyar hannu santimita 2 zuwa 3 ce a daƙiƙa, abin da mafi yawan masu koyo ke gani kamar jinkiri ne. Kowane layi ya hau rabin na baya. A bi hagu da dama, a dawo sama da ƙasa, sau huɗu zuwa shida gaba ɗaya, har man ya koma siririn maiƙo da ake ganin fenti ta cikinsa. A kashe injin yana kan bodi. Wanda ya ɗaga DA yana gudu zai watsa mai a ko'ina, wani lokaci soson ma ya fice.

Bayan kowane murabba'i ana gogewa da tawul ɗin maikirofaiba mai tsabta, a fesa sinadarin isofurofil da aka sirka da ruwa, kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, don a cire maiƙon da ke yaudarar ido, sannan a haska da tocila mai ƙarfi daga gefe. Hasken dogon kwan fitila na rufi ba ya nuna komai a baƙin fenti. Layukan rotari sun fita a zagaye ɗaya, ma'auni kuma ya nuna abin da aka cire bai wuce maikiron 1 zuwa 2 ba. Akwai zane uku masu zurfi a bonet da farce ke kamawa. An bar su. Zanen da farce ya kama ya riga ya ratsa mafi yawan kiliya, kuma bonet ɗin ba shi da sauran abin bayarwa. Gefunansu sun ɗan yi laushi, sun rage kama haske, iyakar abin da ya dace ke nan.

Ƙofofi da rufi, da rotari bai taɓa ba, folish mai laushi bai ishe su ba. Aka hau zuwa kompawun matsakaici da soson maikirofaiba a gudu 5. Zanen wanki ya fita, amma sai baƙin ya yi wani hazo-hazo mai toka a ƙarƙashin tocila. Mai koyo yakan firgita a nan ya ƙara ci, alhali akasin haka ake so. Kiliyar motar mai laushi ce, zaren soson ne ya bar dubban ƙananan alamu. Soson kumfa mai taushi, folish na gamawa, gudu 3, zagaye biyu na ƙarshe ba danniya sam, sai baƙin ya dawo da zurfinsa. Fendar da aka sake wa fenti an yi mata nata gwajin daban, domin kaurin 300 ba ya nufin kiliya mai yawa. Yana iya zama fila ce, wato abin cike lotsawa, da tsohon fenti a ƙasa. Ta fi sauran tauri, ta ɗauki zagaye biyu kafin layukan rotari su bar ta.

Batun soso ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi aka fi rainawa. Duk murabba'in da aka gama, kiliyar da aka aske da busasshen mai suna cikin soson. Na kumfa ana share shi da burushi mai taushi, na maikirofaiba a hure shi da iska har zarensa ya miƙe, tunda zaren da ya kwanta ba ya ci. Bayan fanel ɗaya ko biyu a cire shi a sa wani ya huce. Zafin DA a tsakiyar soso yake taruwa, wurin mannewa da faifai, shi ne ke narkar da gam har bayan soso ya ɓare ko tsakiyarsa ta lotsa. Mota irin wannan tana son soso huɗu zuwa shida a matakin ci kaɗai. Soson da ya faɗi ƙasa ya gama aiki sai an wanke shi. Launin soso kuma ba doka ba ce: rawaya a wani kamfani na ci ne, a wani na gamawa, don haka a matsa shi da yatsa a karanta abin da aka rubuta.

Zafin bodi ana duba shi da bayan hannu. Ɗumi ba laifi, amma in hannu ba zai iya zama a wurin ba a matsa gaba a dawo daga baya. Wayar inji tana bi ta kan kafaɗa don kada ta ja jikin mota. Tunda wurin wanki ba ya rabuwa da ruwa, soket ɗin ya kasance mai na'urar yanke wuta ta miliamfiya 30. Tabarau da abin rufe hanci dole ne lokacin hure soso, kuma ba a kusantar rotari da hannun riga mai lilo.

Awon ƙarshe ya nuna ƙofofi da rufi sun rasa maikiron 3 zuwa 5, bonet ya tsaya tsakanin 106 da 115. An rubuta waɗannan lambobi aka ba mai motar, da bayanin cewa bonet ɗin ba zai ƙara ɗaukar kompawun mai kaushi ba, sai folish mai laushi, shi ma jefi-jefi. An goge bodin da isofurofil aka shafa abin kariya a ko'ina ban da bamba, wadda aka cire aka kai wa mai fenti. Sabon fenti yana ci gaba da fitar da sinadaran narkarwa bayan ya bushe a ido, don haka ba za a sa mata waks ba sai bayan kwana 30 zuwa 90, gwargwadon irin fentin da abin da mai fentin ya faɗa.